Da wane kayan aiki ake sake gina Linux daga tushe? Fashin baƙi kan mock, koji da na gida

A ranar 8 ga Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa CentOS Linux 8, wadda jama'a suka sa rai za a ci gaba da kula da ita har 2029, za ta daina samun gyara a ƙarshen 2021. Ga wanda ba ya harkar, labarin bai kai ya tashe shi daga zaune ba. Ga masu kula da na'urorin saba kuwa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da bayanai don wasu su yi amfani da su, babban tashin hankali ne, don CentOS kwafin Red Hat Enterprise Linux ce, wato RHEL, sai dai ita kyauta ake samunta, kuma a kanta kamfanonin ajiye shafukan intanet da jami'o'i da cibiyoyin bincike masu yawa suka ɗora aikinsu. Nan take Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya ce zai gina wata mai suna Rocky Linux. Kamfanin CloudLinux shi ma ya fara tasa, AlmaLinux. AlmaLinux ta fito ranar 30 ga Maris 2021, Rocky kuma sai 21 ga Yuni.

To, tunda rubutun tushe na RHEL, wato rubutun da ake harhaɗa manhajojinta daga gare shi, a fili yake a lokacin, kowa na iya saukewa, me ya cinye watannin? Ba ma wannan ne karo na farko ba. RHEL 6 ta fito a Nuwamban 2010, amma CentOS 6 ba ta bayyana ba sai Yulin 2011, wata takwas ke nan, alhali ƙwararru ne ke aikin. Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna abin da ya kamata mutum ya duba idan zai zaɓi kayan gini, kuma ba saurin na'ura ba ne.

Bari mu fara da abin da ke cikin fakitin tushe, wato ƙunshin da ake gina kowace manhaja ta tsarin daga gare shi. A ɓangaren Red Hat ana kiransa SRPM. Idan ka buɗe shi za ka tarar da rubutun manhajar kamar yadda masu ita suka fitar, da facin da Red Hat ya ɗora mata, wato ƙananan gyare-gyare, da wani fayil guda mai suna spec. Shi spec ɗin shi ne umarnin aiki: ga yadda za a warware, ga facin da za a liƙa, ga yadda za a harhaɗa, ga fayilolin da za su shiga fakitin ƙarshe. A samansa akwai layukan da ke lissafa abin da ginin ke buƙata kafin ya fara, kamar gcc mai juya rubutu zuwa harshen na'ura, da laburaren openssl (laburare shi ne sashen manhaja da wasu manhajoji ke jingina da shi), da sauransu.

Matsalar tana cikin abin da spec bai faɗa ba. Zai ce yana buƙatar gcc, amma sau da yawa ba zai ce wane gcc ba, kuma ba zai faɗi me da me ke cikin na'urar Red Hat a ranar da aka gina fakitin ba. Kamar a ba ka takardar yadda ake miyar wani gida ne: an rubuta a sa daddawa, a sa manja, amma ba a ce daddawar wane gari ba, ba a kuma faɗi cewa mai girkin kan jefa duk ganyen da ta tarar a madafi ba. Manhajoji da yawa haka suke yi. Kafin a fara harhaɗa su, akwai wani ɗan rubutu da ke leƙa na'urar ya ga me ke akwai. Idan ya ga wani laburare, sai ya jingina manhajar da shi, ko da ba wanda ya nema. Idan bai gani ba, sai ya wuce shiru, manhajar ta fito babu wannan sashe. Duk biyun ginin zai kammala lafiya, babu ƙorafi. Suna ɗaya, lamba ɗaya, hali daban. Sai ranar da wani banki ya ɗora manhajar da aka gwada a kan RHEL kaɗai, ta ƙi tashi, sannan za a gane.

Saboda haka abin da ake nema a wurin kayan gini abu biyu ne: ya iya tsare muhallin da ake gini a ciki, kuma ya iya tuna abin da ke cikin muhallin bayan an gama.

A ƙasan komai akwai rpmbuild. Shi ne ke karanta spec ya aiwatar, kuma duk sauran kayan a ƙarshe shi suke kira. Amma idan ka kira shi kai tsaye a kwamfutarka, da abin da ya tarar a cikinta zai yi aiki, har da tarkacen da ka girka shekara biyu baya ka manta. Don gwada fakiti guda ba laifi. Don gina tsari sukutum, ba a ma fara wannan magana.

Shi ya sa aka yi mock. Duk lokacin da ka ba shi fakiti, sai ya buɗe keɓaɓɓen ɗaki sabo fil a cikin na'urar, ya sa dnf, manhajar girka fakitoci, ya girka mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga rumbun da ka nuna masa, ya ƙara abin da spec ya lissafa, sannan ya rufe hanyar intanet, ya kira rpmbuild a matsayin ma'aikaci marar ikon shugaba. Idan an gama ya ba ka fakitin da rajistar abin da ya faru, ciki har da jerin duk abin da aka girka a ɗakin. Fakiti na gaba, sabon ɗaki. Rufe intanet ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajojin zamani da yawa na son su sauko da wasu sassa a tsakiyar gini, kuma abin da aka sauko yau ba lallai ne shi za a samu baɗi ba.

A ganina duk wanda zai shiga wannan aiki da mock ya kamata ya fara, ko da ya san daga baya zai wuce shi. Fayil ɗaya ne na saiti, kwamfuta ɗaya ta isa, kuma a nan ne zai fara cin karo da matsalar da ta fi kowacce cin lokaci, wato wa za a fara ginawa.

Kaza ko ƙwai a tsakanin fakitoci

Tsari irin RHEL fakitocin tushe dubbai ne, kuma sun jingina da juna ta hanyar da ba ta miƙe ba. Ana buƙatar gcc don a gina glibc, babban laburaren da kusan kowace manhaja ke jingina da shi, ana kuma buƙatar glibc don a gina gcc. Shi kansa rpm da ake gina komai da shi sai an gina shi. Python na buƙatar wasu fakitoci don a shirya takardun bayaninsa, su kuma waɗannan fakitocin da Python aka rubuta su. A ɓangaren Java da Perl zoben ya fi haka sarƙewa.

Mafita ita ce aro. Kowace RHEL ta baya-bayan nan daga wata fitowar Fedora, tsarin Linux na jama'a da Red Hat ke ɗaukar nauyi, aka yanko ta: ta 7 daga Fedora 19, ta 8 daga Fedora 28, ta 9 daga Fedora 34. Mai sake gini kan fara cika ɗakin da fakitocin da ke kusa da waɗanda yake so, ya gina zagaye na farko da su, sannan ya zubar da na aron, ya sake gina komai da abin da ya samu, wani lokaci har zagaye na uku, sai tsarin ya zama da kansa ya gina kansa. Wasu spec ɗin suna da maɓallin da ke kashe gwaje-gwaje ko takardun bayani a zagayen farko don a karya zoben. Wasu ba su da shi, sai mutum ya zauna ya gano da kansa.

Mock na da ɗan taimako a nan. Za ka iya ba shi jerin fakitoci ya bi su a jere, kowanne ya gama ya shiga rumbun wucin gadi don na bayansa ya samu, kuma za ka iya ce masa ya yi ta sake gwada waɗanda suka faɗi har sai an yi zagayen da ba wanda ya ƙara wucewa. Dabara ce ta ƙarfi, ba ta wayo ba, amma tana aiki ga fakiti ɗari ko biyu. Haɗarinta shi ne wucewa ba ita ce daidai ba. Fakiti na iya ginuwa da tsohon laburare don shi ya tarar, alhali Red Hat da sabon ya gina nasa. Wannan ne ya wahalar da CentOS 6, tare da wani abu kuma: akwai fakitocin da aka yi amfani da su wajen gina RHEL a cikin gida amma ba a raba su ga kwastomomi ba, sai masu sake gini su nemo su, su yi hasashen wace lamba ce aka yi aiki da ita.

Daga nan sai koji. Fedora ke gini da shi tun 2007, CentOS ta yi amfani da shi, Rocky Linux 8 ma da shi aka gina ta. Koji ba ya maye gurbin mock, shugabantarsa yake yi. Akwai cibiya mai rumbun bayanai na PostgreSQL, akwai na'urorin gini da kowacce ke karɓar aiki ta kira mock, akwai kuma wani ɗan aike mai suna kojira da ke sabunta rumbun fakitoci idan sabo ya shigo. Abin da ya ba shi daraja shi ne riƙon tarihi. Kowane fakitin da ya fito, koji na ajiye cikakken jerin abin da ke ɗakin ranar da aka gina shi. Idan bayan shekara uku aka gano wani gcc yana da aibi, za ka iya tambayar rumbun bayanan wane da wane aka gina da shi. Sannan ba ya yarda a gina suna ɗaya da lamba ɗaya sau biyu. Wanda ya fito ya fito, in kana son gyara sai ka ƙara lamba.

Kuɗinsa kuwa wahala ce. Sai ka kafa rumbun bayanai, ka shirya takardun shaida ko Kerberos don na'urorin su san juna, ka tanadi babbar ma'ajiya da dukkansu za su gani, ka koyi tsarinsa na alamomi da gadon da suke yi wa juna, wanda kan rikita sabon shiga. Kuma duk da girmansa ba zai jera maka fakitoci ba, kai za ka gaya masa wa ke gaba. Mutum biyu masu son sake gina fakiti hamsin don ofishinsu, idan suka fara da koji, kula da koji ne zai zama aikinsu.

Akwai na uku da ake yawan mantawa, Open Build Service na openSUSE. Shi yana lissafa jingina da kansa, ya jera, kuma da zarar wani laburare ya canza sai ya sake gina duk wanda ya dogara da shi ba tare da an ce masa ba. Yana kuma gina fakitocin Debian da na Fedora da na wasu daga wuri ɗaya. Ga mai ƙirƙirar tsarinsa na kansa wannan alheri ne. Ga mai son kwafin RHEL sak kuwa halin nan na iya zama cikas, don Red Hat ba ya sake gina komai duk lokacin da abu ɗaya ya motsa. A RHEL za ka tarar da fakitin da aka gina tun farkon fitowar tsarin yana zaune shekaru ba a taɓa shi ba. Ana iya saita na'urar ta daina wannan himma, amma a lokacin ka kashe babban dalilin zaɓenta.

RHEL 8 ta zo da nata ƙarin ciwon kai. An shigo da tsarin rukunoni, inda za a ba da PHP ko Node.js iri biyu ko uku a lokaci ɗaya mutum ya zaɓa. Gina waɗannan rukunoni na buƙatar wata manhaja daban a gefen koji, kuma lambobin da ke fitowa a sunan fakitin sun dogara da na'urar da ta gina, don haka sai an yi dabara kafin su yi kama da na asali. Fedora ta yi watsi da tsarin rukunonin a fitowarta ta 39. Amma wanda ke kula da kwafin RHEL 8 zai ci gaba da ɗauke da shi har 2029.

Irin wannan gajiya ce ta sa manyan biyun kowanne ya rubuta nasa. Rocky ta yi Peridot, da harshen Go, yana gudana a kan Kubernetes, da shi aka gina Rocky Linux 9 da ta fito a Yulin 2022. AlmaLinux ta yi nata da ake kira ALBS, wanda ke ajiye fakitoci a Pulp, amma idan ka leƙa ƙasansa mock ɗin ne dai ke buɗe ɗaki. Su suna da ma'aikata da masu ɗaukar nauyi. Ƙaramar ƙungiya da ta ga haka ta ce ita ma za ta rubuta nata ta ɗauko wa kanta aiki biyu, ga tsarin ga kayan gina shi, kuma na biyun ba shi da wasu masu amfani da za su taya ta gano aibinsa.

Ɓangaren Debian, wani babban tsarin Linux mai nasa irin fakiti da ake kira deb, labarin kusan ɗaya ne da wasu sunaye. Abin da mock yake yi, sbuild da pbuilder ke yi, kuma da yake sbuild ne ke kan na'urorin ginin Debian na hukuma, wanda ke son sakamakonsa ya yi kusa da nasu shi ya kamata ya ɗauka. Inda Debian ta yi gaba shi ne kowane gini na fitar da wani fayil mai suna buildinfo da ke lissafa ainihin lambar duk abin da ke ɗakin, sannan akwai rumbun snapshot.debian.org da ke ajiye tsofaffin fakitoci. Wato abin da masu kwafin RHEL ke hasashe, a nan a rubuce yake. Tun 2013 wasu 'yan Debian suka fara yunƙurin ganin duk wanda ya sake gina fakiti ya samu abu iri ɗaya har ƙwayar bit. Sai da suka bi dubban fakitoci suna cire abubuwan da ke sa bambanci, kamar kwanan wata da ke shiga cikin fayil, da sunan na'ura, da yadda fayiloli ke jeruwa. Daga wannan aiki ne diffoscope ya fito, mai warware fakiti biyu har ƙasa ya nuna inda suka saɓa.

Wannan ya kawo mu ga abin da babu kayan ginin da zai yi maka: tantance ko abin da ya fito daidai ne. Masu kwafin RHEL ba sa samun daidaito har ƙwayar bit, don sa hannun da sunan na'ura da ranar gini duk daban ne. Abin da suke yi shi ne kwatanta: jerin fayiloli iri ɗaya ne? Laburaren da kowace manhaja ta jingina da su iri ɗaya ne? Ƙofofin da laburare ke buɗe wa sauran manhajoji sun yi daidai? Akwai kayan wannan aiki, kamar abidiff. Wanda bai ware wa kwatancen nan lokaci ba, koren alamar da koji ke nunawa ba ta gaya masa komai ba sai cewa ginin bai faɗi ba.

Haka nan tsabtar ɗaki ba ta tsarkake abin da aka shigo da shi. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyar ƙofa a manhajar matse fayiloli xz, lamba 5.6.0 da 5.6.1. Makunnin dabarar yana cikin wani rubutun gini da aka cusa a ƙunshin da ake rabawa, wanda babu shi a rumbun git na aikin, kuma an tsara shi ya tashi ne idan ya ga ana gina fakitin deb ko rpm a kan x86-64. Wato mock da sbuild ɗin ne ma ake jira. Sun yi aikinsu da gaskiya, suka gina muguwar manhaja a ɗaki mai tsabta. Ta shiga rassan gwaji na Fedora da Debian, ba ta kai RHEL ba.

Sannan tushen kansa na iya gushewa daga inda ka saba ɗauka. A Yunin 2023 Red Hat ya daina zuba tushen fakitocin RHEL a git.centos.org, ya ce CentOS Stream, reshen da ake shirya RHEL ta gaba a cikinsa, ce kaɗai rumbun jama'a. Rocky ta ce za ta ci gaba da samo tushen ta wasu hanyoyi da lasisin GPL ya ba ta dama, kamar kwantenonin UBI, wato ƙananan ƙunshin RHEL da Red Hat ke rabawa kyauta, da kwamfutocin haya masu ɗauke da RHEL. Kamfanonin CIQ da Oracle da SUSE suka kafa ƙungiyar OpenELA a watan Agusta don raba tushe. AlmaLinux kuwa ta canza manufa: ta daina neman zama kwafi har da kurakurai, ta koma tabbatar da cewa duk manhajar da ke gudana a RHEL za ta gudana a kanta. Dubi abin da wannan ke nufi ga kayan gini. Jiya aikinsu shi ne ɗauko fakiti, cire tambarin Red Hat, ginawa. Yau sai sun iya haɗo tushe daga wurare daban-daban, su riƙe facin gida, su tuna daga ina kowanne ya fito. Wanda ya ƙera kayansa a kan zaton cewa rumbu ɗaya ne har abada sai da ya koma ya warware.

Amma canjin ya nuna ribar mallakar gini. RHEL 10 ta ɗaga mafi ƙarancin firosesar da take karɓa zuwa matakin x86-64-v3, abin da ya bar tsofaffin na'urori da yawa a waje. AlmaLinux 10 ta sake gina tsarin gaba ɗaya a matakin v2 a matsayin ƙarin zaɓi, don waɗannan na'urori su ci gaba da aiki. Ga wanda saba ɗinsa ta hannu ce ya saya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Gama gina fakitoci ba shi ne gama tsari ba. Sai an sa wa kowanne hannu da makullin GPG, wanda bai kamata ya zauna a na'urar da ke gini ba. Sai createrepo_c ya shirya rumbun da dnf zai karanta, pungi ya tattara fakitocin zuwa fitowa guda, lorax ya haɗa faifan girkawa. Idan kana son nau'in firosesa fiye da ɗaya, kamar aarch64 ko ppc64le ko s390x, ko dai ka samo na'urorin na gaske ko ka kwaikwaye su da qemu, wanda kan mai da ginin sa'o'i ya koma na kwanaki.

Akwai kuma fakiti guda da ba ka da ikon gamawa kai kaɗai. Yawancin kwamfutocin yau ba sa tayar da tsarin da ba shi da sa hannun da suka sani, kuma makullin da kusan dukkansu suka sani na Microsoft ne. Don haka tsarin Linux da yawa kan gina wata 'yar manhaja mai suna shim, ya sa takardar shaidarsa a ciki, ya miƙa ta don Microsoft ya sa hannu. Kafin nan sai ta bi ta hannun masu bita a bainar jama'a, kuma cikin abin da suke nema akwai fayil ɗin da zai ba su damar su sake gina shim ɗinka a na'urarsu, su kwatanta da wanda ka kawo. Idan bit ɗaya ya saɓa za su dawo maka da shi, su tambaye ka me ke cikin ɗakin ranar da ka gina.